Ta Sake Ɗaukewa

A shafi na arba'in da bakwai ta ɗauke.
Ba sallama, ba ko gyaran murya.
Allo ya yi baƙi ƙirin,
na ga fuskata a ciki, baki buɗe,
da ta Rifkatu a bayana,
mai furojet ɗin da za a miƙa ran Litinin.

Na fara ɗora wa NEPA, ta saba ɗaukar laifi.
Sai ga ƙwan fitila yana ci,
firjin mai zoɓo yana gurnani ta bango,
duk layin shagunan Samaru ba wanda ya ce wash.
Ni kaɗai aka yi wa dare da rana tsaka.

Na durƙusa ƙarƙashin tebur,
na girgiza soket, na sauya waya,
na aro sitabilaizar mai fotokwafi.
Ta tashi. Ta yi min fara'a minti goma sha biyu.
Ina rubuta sunan wani bature mai wuyar harafi
ta sake kwanciya.

Wani ɗalibi ya ce bairos ne,
ya faɗa da ƙarfin wanda ba kuɗinsa ke ƙonewa ba.
Wani ya ce ciro ram ka goge da magogin fensir.
Na ciro, na goge, na hura,
har da bisimilla na mayar.
Minti tara.
Lissafin yana raguwa kamar awon gero a bazara.

Talata da safe, ana yayyafi,
na naɗe ta da zanen gado,
na rungume ta a bayan ɗan acaɓa
tun daga Samaru, ta Kwangila, har PZ,
kamar mai kai ɗa asibitin Shika.

Isiyaku mai gyara bai tambaye ni komai ba.
Ya kunna ta, ya ɗora tafinsa a gefenta,
ya kara kunne ya yi shiru.
Ya ce, "Ka ji?"
Na ce ban ji komai ba.
Ya ce, "To, shi ne ciwon."

Noti huɗu, murfi ya zame.
Can tsakanin fukafukan fanka
zanzaro ya gina gidansa na jar laka,
ɗaki uku, da yaɓe mai kyau,
ko maginan Tudun Wada sai sun jinjina.
Fanka ta tsaya cak, an mai da ita harsashin gini.
Man da ke kan ƙwaƙwalwa ya bushe,
yana ɓarewa kamar ƙanzo.

Isiyaku ya sa tsinken sakace yana rushe gidan a hankali.
Ya ce, "Ba mutuwa take yi ba.
In zafi ya kai mata wuya
sai ta kashe kanta don kar ta ƙone.
Da ba ta da wannan wayon, da yau sabuwa kake ciniki."
Sannan ya dubi idanuna, jajaye,
ya dubi hannuna yana rawa a kan murfin,
bai ƙara komai ba.
Dubu biyu da ɗari biyar, har da man.

Da la'asar fanka tana waƙarta siririya,
wadda shekara shida ban taɓa saurara ba
sai da ta yi shiru.
Rifkatu ta karɓi shafi tamanin da ɗaya,
ta gano na rubuta sunan baturen iri uku.

Akwai sauran aiki biyu a kan tebur.
Na dube su, na taɓa goshina.
Ƙarfe takwas ko cika ba ta yi ba na ja ƙofa.
Ina saka kwaɗo, sai ga shi ya dawo,
da ɗan curin laka a baki,
yana kewaya taga, yana neman adireshinsa.